Yadda Ake Riƙe Iyali a Gona Lokacin Yaƙi da Rikicin Siyasa

Manomi ya sha bamban da sauran masu sana'a ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba sai ranar da ƙasa ta rikice, wato dukiyarsa ba ta ɗaukuwa. Ɗan kasuwa yana iya tattara kuɗinsa ya sa a aljihu, malami yana tafiya da iliminsa a ka, amma gona tana nan inda Allah ya ajiye ta, hatsin da aka shuka ba ya nuna da wuri don mai shi yana cikin tsoro, saniya mai tsohon ciki kuma ba ta iya gudu. Wannan ne ya sa iyalan da ke zaune a gona sukan daɗe a bakin haɗari bayan kowa ya watse, suna cewa bari a yi girbi tukuna, bari a ga abin da mako mai zuwa zai zo da shi. Ba na ganin laifinsu, domin wanda bai taɓa barin shuka ta yi kore shar ya kama hanya da yara ba, bai san nauyin abin ba. Sai dai kusan duk shawarar da ke ceton iyali a irin wannan hali ana yanke ta ne tun ana iya zama a yi magana a tsanake, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Zaman farko

Maigida da uwargida da duk wani baligi da ke gidan su zauna su amsa tambaya guda: me za mu gani mu ce lokacin tashi ya yi? Amsar ta zama abin da ido ke iya gani, kamar a ce an kai hari ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, ko ma'aikatan asibiti da malaman makaranta sun janye, ko hanyar kasuwa ta toshe har tsawon mako guda, ko masu ɗauke da makamai sun fara tambayar samari nawa ne a kowane gida. Amfanin tsayar da wannan iyaka tun da wuri shi ne, a ranar da abin ya zo, tsoro yana sa mutum ya gudu ba shiri, son dukiya kuma yana sa shi ya yi ta jinkiri har hanya ta rufe, alhali maganar da aka ƙulla cikin natsuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka biyu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ba sai an ce maka ka shafa wa naka ruwa ba.

A wannan zama ne za a yanke cewa tsofaffi, da mai ciki da ta kusa haihuwa, da maras lafiya, da wanda ba ya iya doguwar tafiya, su riga kowa tafiya wurin dangi a inda yake da sauƙi tun motoci suna bin hanya. A fitar da hanyoyin fita guda biyu waɗanda ba su haɗu ba, sannan a sa wuraren haɗuwa biyu, ɗaya kusa da gida, kamar wata bishiya ko dutse da kowane yaro ya sani, ɗaya kuma a wani gari mai nisa a gidan mutumin da kowa ya san sunansa. A bi waɗannan hanyoyi da yara da rana tsaka, a ƙafa, fiye da sau ɗaya, har ƙafarsu ta saba. Kowane ƙaramin yaro a ɗora shi a wuyan babba guda, a faɗi suna da suna, saboda yaran da ake mantawa a baya galibi su ne waɗanda uwa ta ɗauka suna tare da uba, uba kuma ya ɗauka suna tare da uwa.

Duk yaron da ya fara magana a koya masa cikakken sunansa, da sunan mahaifinsa, da na mahaifiyarsa, da na ƙauyensu. Kada a raina wannan, domin yaro ɗan shekara uku ko huɗu idan aka tambaye shi sunan uwarsa sau da yawa abin da zai ce shi ne "Mama", kuma da wannan amsa babu wanda zai iya gano danginsa a cikin dubban mutane. A mayar da abin kamar waƙa, a riƙa yi da dare kafin barci, a haɗa da lambar waya guda ta wani ɗan'uwa da ke zaune nesa da rikicin. Jariri da yaron da ba ya magana a rubuta waɗannan bayanai da tawadar da ba ta wankuwa a ƙyalle, a ɗinke a cikin rigarsa. Idan duk da haka aka rabu, ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent suna da aikin sada iyalan da yaƙi ya raba, kuma bayani na farko da suke nema shi ne waɗannan sunaye.

Iyaye da yawa suna tunanin aika yara nesa su kaɗai shi ne gata. Wani lokaci babu makawa sai an yi hakan, amma a auna da kyau. A farkon watan Satumba na 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, an kwashe mutane kusan miliyan ɗaya da rabi, akasarinsu yara, daga biranen Birtaniya zuwa karkara saboda tsoron ruwan bama-bamai. Anna Freud da Dorothy Burlingham, waɗanda suka kula da ƙananan yara a Landan a shekarun yaƙin, sun lura cewa rabuwa da uwa ta fi girgiza ƙaramin yaro fiye da ƙarar bam da ya ji yana jikinta. Don haka in har za a tura ƙananan yara, a haɗa su da uwa ko kaka ko yaya da suka shaƙu da ita.

Jakar gudu ta zama wadda mace ɗaya za ta iya ɗauka da goyo a bayanta. A sa takardun haihuwa, da katin shaida, da katin rigakafin yara, da duk wata takarda da ke nuna mallakar gona, a naɗe su a leda biyu. A ƙara maganin da wani a gidan yake sha kullum, da ashana, da tocila, da ƙaramin rediyo mai batir, da wuƙa, da bargo, da busasshen abinci na kwana uku, da ɗan kuɗi da aka raba tsakanin manya maimakon a tara su a jikin mutum ɗaya. A ɗauki hoton kowace takarda da waya a aika wa ɗan'uwa na nesa. Batun takardar gona yana da girma fiye da yadda ake zato, domin rikicin da ke biyo bayan yaƙi kusan kullum na ƙasa ne. A Kolambiya sai da aka yi doka ta musamman a 2011 don mayar wa manoman da aka raba da gonakinsu haƙƙinsu, kuma shari'o'in sun ɗauki shekaru. Wanda ba shi da takarda ya zagaya iyakar gonarsa da maƙwabta da manyan 'ya'yansa, a rubuta alamomin iyaka, shaidu su sa hannu.

Abinci da iri

A fara da lissafi. Idan aka ƙiyasta rabin kilo na hatsi ga kowane mutum a rana, gida mai mutum 8 yana cin kilo 4 kullum, wato kilo 120 a wata, ban da wake da mai da gishiri. Da wannan lissafi mai gida zai san watanni nawa abin da ke hannunsa zai kai shi, ya kuma san abin da zai iya sayarwa ba tare da ya jefa yara cikin yunwa ba. Daga nan sai a rarraba ajiyar. Cikakken rumbu a tsakar gida kira ne ga duk mai bindiga da ke jin yunwa, kuma ashana ɗaya ta ishe shi. A bar wani kaso a inda ido zai gani, domin wanda ya zo ƙwace bai sami komai ba yakan huce a kan mutanen gida, sauran kuma a kasa shi wuri uku ko huɗu: a binne wani a busasshiyar ƙasa mai tudu, a kai wani wurin dangi, a ɓoye wani a kan hanyar da za a bi in an tashi. Manya biyu su san kowane wuri, ƙananan yara kuma kada su sani, don kada a ɗora musu sirrin da ya fi ƙarfinsu.

Hatsin da za a binne dole ya bushe sarai, kuma akwai hanyar gwaji mai sauƙi. A sami kwalba busasshiya mai murfi, a zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka busar a rana, a rufe, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye kamar kwata ɗin awa, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima a hatsin, sai a mayar da shi shanya. Idan ya zube ƙasa wasai bai kama gilashin ba, hatsin ya isa ajiya. A zuba shi a jarka ko duro mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba, a cika shi har baki, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin da ke ciki suna cinye 'yar iskar da ta rage su mutu da kansu, ba tare da an sa guba ba, matuƙar ba a riƙa buɗewa ana leƙawa ba.

Iri kuwa a ware shi dabam, a ɗauke shi a matsayin amanar shekara mai zuwa. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Rasha ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, wasu daga cikin ma'aikatan cibiyar adana iri ta birnin sun mutu da yunwa a tsakiyar shinkafa da gyaɗa da dankalin da suke gadi, ba su ci ba. A zamaninmu ma, da yaƙin Siriya ya raba masana da rumbun iri na Aleppo, sai da aka je ma'ajiyar Svalbard ta ƙasar Nowe a 2015 aka ɗebo kwafin da aka ajiye can, aka sake shukawa a Lebanon da Maroko. Ba ana cewa uba ya bar ɗansa ya mutu don ya tsare iri ba, rai ya fi komai. Darasin shi ne abin da ya ceci irin Aleppo, wato an ajiye shi a wuri fiye da ɗaya. Ɗan ƙunshi na kowane iri da ƙasarku ta saba da shi ya shiga jakar gudu, wani ƙunshin ya tafi wurin dangi. Kafin shuka a gwada shi: a jera ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a duba bayan mako guda, in waɗanda suka tsiro ba su kai 14 ba a ƙara yawan abin da ake zubawa a rami ko a nemi wani.

Abin da ake shukawa ma yana canzawa. A fifita mai saurin nuna, kamar nau'in waken da ke isa cikin kwana 60 zuwa 70, da ganyayen da ake fara tsinka bayan mako uku ko huɗu, da kuma abin da ke ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. Manoman Turai sun rungumi dankali sosai a zamanin Yaƙin Shekara Bakwai, tsakanin 1756 da 1763, saboda soja yana iya kwashe rumbun hatsi cikin awa guda amma ba shi da lokacin tonon gona kunya-kunya. Rogo ya fi kowanne a wannan fanni, tunda yana iya zama a ƙasa fiye da shekara yana jiran mai shi. Amma akwai gargaɗi mai nauyi a nan. Rogo mai ɗaci yana da guba, kuma a Mozambik da Kwango an sami ɓarkewar cutar da ake kira konzo, mai shanye ƙafafun yara da mata har abada, a lokutan fari da yaƙi da yunwa ta sa mutane suka gajarta sarrafa shi. A ɓare shi, a jiƙa shi a ruwa kwana uku zuwa biyar har ya yi laushi, a busar, sannan a dafa, komai matsin da ake ciki.

A yi noma kusa da gida gwargwadon iko, a ƙananan filaye a warwatse, a fita tare da maƙwabta a dawo tare, wani yana aiki wani yana duban hanya. A wurare da dama jami'an tsaro sukan hana shuka mai tsayi a bakin manyan hanyoyi, don haka a bincika kafin a zuba iri a yi asarar wahala. Dabbobi kuwa, babban garke shi ne abin da ɓarayi suka fi hange daga nesa. Ya fi a sayar da wasu tun suna da daraja, a ba dangi na nesa kiwon wasu, a riƙe awaki da kaji da akuya mai nono ga yara. Kuɗin da aka samu kada a riƙe su duka a takarda, domin darajar kuɗi tana iya narkewa idan gwamnati ta girgiza, kamar yadda mutanen Zimbabuwe suka gani a 2008. A mayar da wani kaso gishiri, da sabulu, da magani, da kayan aiki.

Ruwa da lafiya

A yawancin yaƙe-yaƙe abin da ke kashe ƙananan yara da yawa shi ne gudawa, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon haƙarƙari, da tamowa, waɗanda ke samun ƙofa da zarar asibiti ya rufe. A garin Goma na Kwango a 1994 kwalara da atini sun kashe dubun-dubatar 'yan gudun hijirar Ruwanda cikin kusan wata guda, mutanen da suka riga suka tsira daga adda da bindiga. Saboda haka duk ruwan da ba a amince da shi ba a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In babu itace ko ana tsoron hayaƙi ya tona inda ake, a cika farar robar ruwa wadda ake hango cikinta, a kwantar da ita a rana mai ƙarfi awa shida, ko kwana biyu in akwai gajimare. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana don sha da girki da tsabta, kuma wannan adadi yana taimakawa wurin sanin ko wurin da aka sauka zai iya riƙe iyali.

Kowa a gidan, har yaro ɗan shekara goma, ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, kuma kada a daina ba shi nono ko abinci. Wannan haɗi a cikin yaƙi ya nuna ƙarfinsa. A 1971, a wani sansanin 'yan gudun hijirar Bangladash da ke Bangaon a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya suna ba su ruwan gishiri da sukari da hannunsu, mace-macen kwalara suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Rigakafin yara, musamman na ƙyanda, a kammala shi tun asibiti yana buɗe. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata shida, domin madarar gwangwani da aka dama da gurɓataccen ruwa kan hanya tana kisa. Tsoro yana iya tsayar da zubar nono na ɗan lokaci amma ba ya ƙafar da shi, abin da uwa ke buƙata shi ne ta ci, ta sha, ta ci gaba da sa yaro a mama. Mai ciki da mai shayarwa su ci kafin maza, ko da al'adar gidan ba haka take ba. Yaran da suke cikin ciki lokacin yunwar da ta auka wa Holan a hunturun 1944 zuwa 1945 an bi rayuwarsu shekaru da dama, aka tarar ciwon sukari da na zuciya sun fi yawa a cikinsu. Yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 a riƙa auna kaurin damtsensa na hagu a tsakiya: ƙasa da santimita 12.5 alamar tamowa ce, ƙasa da 11.5 ko kumburin ƙafafu biyu kuwa yana nufin a nemi ma'aikatan lafiya ko da tafiyar tana da wuya.

Ga rauni mai zubar jini, a danna wurin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, a riƙe aƙalla minti goma ba tare da ɗagawa ana dubawa ba. In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ba ta tsayar da shi ba, a ɗaure da faffaɗan ƙyalle sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita. Akwai kuma maganar da iyalai ba sa son yi, amma shiru a kanta yana cutarwa. Idan aka yi wa mace ko yarinya ko yaro fyaɗe, maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Wanda aka zalunta ba shi da laifin komai, kuma kalmar farko da zai ji daga bakin iyayensa tana iya zama abin da zai rayu da shi har tsufa.

Zama tsakanin masu makamai

Manomi yakan tsinci kansa a tsakiya, wannan ɓangare ya zo da dare ya karɓi abinci da ƙarfi, wancan ya zo da safe ya ce an ciyar da abokan gaba. Dokar yaƙi tana tare da shi a rubuce. Ƙarin yarjejeniyoyin Janiba na 1977 sun haramta lalata ko kwashe amfanin gona da dabbobi da wuraren ruwan sha da farar hula ke rayuwa a kansu da nufin jefa su cikin yunwa, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya sake yin tir da amfani da yunwa a matsayin makami a ƙuduri mai lamba 2417 na 2018. Sanin wannan yana da amfani a ranar da za a kai ƙara ko neman diyya, shi ya sa yake da kyau a rubuta ranar da aka yi ɓarna da abin da aka ɗauka, a ɓoye rubutun nesa da gida. Amma a gaban mai bindiga ba a jayayya da doka. Mutum ɗaya mai sanyin rai ya yi magana a madadin gida, hannuwansa a fili, ba gudu, ba ɗaga murya, in an nemi dukiya a bayar.

Ra'ayina a kan ajiye bindiga a gidan da yara suke shi ne haɗarinta ya fi amfaninta: tana mayar da gidan abin hari ga kowane ɓangare, tana kuma jan hankalin samari. Haka ma tuta, da hoton ɗan siyasa, da kakin soja, da saƙonnin da ke cikin waya, domin wanda yake mulki yau yana iya zama wanda ake farauta gobe, kuma a shingen bincike waya ce ake fara dubawa. A koya wa yara cewa abin da aka faɗa a gida ba a kai shi waje, amma hanya mafi aminci ita ce manya su daina zancen wane ne ke goyon bayan wane a gabansu, tunda baki shi ke yanka wuya. Kada tsohuwar rigimar iyakar gona ta sa a kai sunan maƙwabci wurin masu makamai, kada kuma a sayi dabba ko fili da aka san na wanda ya gudu ne, komai arharsa. Yaƙi yana ƙarewa, mutanen kuma suna dawowa su zauna kusa da juna.

Labari a tace shi kamar yadda ake tace ruwa. A saurari tasha fiye da ɗaya, a tambayi mai kawo labari ko da idonsa ya gani. Duk muryar da ta fara kiran wasu mutane da sunan ƙwari ko dabbobi, kamar yadda gidan rediyon RTLM ya yi a Ruwanda a 1994, alama ce cewa abin da ke tafe ya fi wanda ake ciki muni, kuma a kashe ta a gaban yara.

Samari masu shekara 12 zuwa sama su ne aka fi kai wa farmaki da daɗin baki, a yi musu alkawarin abinci da kuɗi da girma ko ɗaukar fansa. Sa yaron da bai kai shekara 15 ba cikin yaƙi laifin yaƙi ne a Dokar Rum ta 1998 da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, amma abin da ke riƙe yaro a gida shi ne ya ji ana buƙatarsa. A damƙa masa aiki na gaske, kamar kula da iri ko lissafin abinci, a riƙa shawara da shi, a san abokansa. Ƙananan kuma abin da ke kwantar musu da hankali shi ne abubuwa su riƙa zuwa a lokacinsu: cin abinci, da ibada, da awa guda ta karatu ko da a ƙasa ake rubutu da tsinke, da wasa. Yaron da ya koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ya maƙale wa uwarsa, tsoro ne yake fita ta inda ya samu, duka kuma ƙara shi yake yi. In ya yi tambaya a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, kada a ce masa babu komai alhali kunnensa yana jin harbi. Ya fi a ce masa, "Ana faɗa a can, mun san inda za mu, kuma hannunka yana cikin nawa."

Komawa

Ranar da aka ce ƙura ta lafa, babba ɗaya ko biyu su fara zuwa su duba kafin a kwaso yara. Ƙasar da aka yi yaƙi a kanta tana riƙe mugunta shekaru masu yawa. An jefa wa Lawos fiye da tan miliyan biyu na bama-bamai tsakanin 1964 da 1973, kuma har yau ƙananan da ba su fashe ba, masu girman ƙwallon tanis, suna raunata manoma da yara. A Faransa da Beljiyam garma tana ci gaba da tono harsasan igwa na yaƙin da ya ƙare tun 1918. A bi hanyar da mutane da dabbobi suke bi kullum, a guji gonar da ciyawa ta rufe, da gidan da sojoji suka zauna, da gindin inuwa da bakin rijiya inda ake yawan dasa nakiya. A gaya wa yara sau ɗari cewa duk ƙarfen da ba su sani ba, ko waya da aka ja a ƙasa, ko wani abu mai kyau da aka yar a hanya, ba a taɓawa, ba a jifa, ba a ƙonawa. Wanda ya gani ya tsaya cak, ya yi kira, in yana ganin sawunsa sarai ya koma ta kansu, a sa alama daga nesa, a sanar da masu aikin kwance nakiya. Kada a cinna wa gona wuta da nufin share ta, domin wuta ba ta fasa duka, tana ma iya barin sauran cikin yanayin da taɓawa kaɗan za ta tayar da su.

Rijiya a kwashe ruwanta, a fitar da abin da ya faɗa ciki, a zuba sinadarin kilorin in an samu, a ci gaba da tafasa na sha har sai an tabbata. A daminar farko a noma filin da aka tabbatar da lafiyarsa kawai, ko da kaɗan ne, a fara da mai saurin nuna, a haɗa hannu da gidajen da suka rasa maza ko shanun huɗa don kada gonarsu ta kwana. Daga girbin farko kuma, tun kafin a kai ko mudu ɗaya kasuwa, a zaɓi zangarniyar da ta fi kyau a ware iri, a busar, a gwada da gishiri, a kasa shi gida biyu.